Gidan Ƙarshe a Layin Gulbi

Kawuna yana da ɗan kamfanin raba tashoshin talabijin a unguwar Badariya, cikin Birnin Kebbi. Manyan farantan kama tashoshi uku ne a bayan shago, daga nan waya take bin falwaya tana shiga gidaje. Da kasuwa ta buɗe sai ya kafa wani farantin a Argungu, ya ja waya cikin unguwanni biyu. Ni ne mai hawa tsani, har na yi aure ina wannan aiki.

Wata damina hukuma ta fito da sabon tsari. Kowane kamfani aka rubuta masa yankinsa a lasisi, tare da jerin tashoshin da aka yarda ya nuna. Mu aka bar mana Birnin Kebbi. Argungu kuwa aka ba wani kamfani, aka ce mu kwashe wayoyinmu kafin wata ya ƙare. Kawu ya yi ta zarya ofis har ya gaji, daga ƙarshe ya miƙo mini filaya da takardar gidajen.

Kwana huɗu na yi ina yanka ina naɗewa. Wasu sun yi mini faɗa, wasu sun ba ni fura. Rana ta biyar bayan azahar na isa gidan ƙarshe, can inda layi ya gangara gulbi. Wani masunci da ke gyaran taru a gindin bango ya ce tsohuwa ce kaɗai a ciki, in ɗaga murya wurin sallama.

Ta ce in shigo. Ɗakin ba komai sai gado, buta, da ƙaramin talabijin da aka haɗa da batirin mota. Tashar Makka ce a kunne, mutane na ta ɗawafi, ba a jin sauti. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayanin hukuma da lasisi. Ta saurara ba ta ɗauke ido daga akwatin ba. Ta tambaya ko sababbin za su kawo wannan tashar. Na riga na ga jerinsu, babu ita a ciki, kuma na faɗa mata gaskiya.

"To zamna, ɗana," in ji ta. "Bari shi wuce tukun."

"Wa, Inna?"

"Mai gidanga."

Ta ce mijinta ya tafi aikin hajji tun autarta tana goye. Abokan tafiyarsa suka dawo da jakarsa, ba su dawo da shi ba, ba kuma wanda ya ga gawarsa. Autar yanzu tana da jikoki. Na zauna a bakin ƙofa don kunya, ina tunanin tsufa ne.

Daga sama ake ɗauko hoton, kawunan mutane kamar hatsi a faifai. Can sai hoton ya matso. Wani dogon mutum cikin harami ya tsaya cak, jama'a suna rabewa suna wuce shi yadda ruwa ke wuce turke a gulbi. Ya ɗaga fuska ya dubo mu. Tsagar Kabawa ce a kumatunsa, na gan ta sarai. Ba tsoho ba ne, ba zai wuce arba'in ba.

Tsohuwar ta gyara mayafi. Ta yi masa sannu da ɗawafi, ta gaya masa ruwa ya ci shinkafar fadama, ta ce akuyar ta haihu biyu. Muryarta irin ta matar da mijinta ya dawo daga gona. Shi kuwa yana tsaye bai ƙifta ba. Filayar ta zame daga hannuna ta faɗi. Da ta gama, ya sunkuyar da kai ya shige cikin taro.

"Kullum haka shi kai," ta ce. "Tashi ka yi aikinka."

Na fita na hau tsani. Da na datse wayar na jiyo shuuu daga ɗakin, ba ta kashe ba. Masuncin bai ɗago kai daga tarunsa ba har na ɗaure tsani a babur.

Na ce wa kaina maimaici ne, tsohon hoto suke sakawa. Kwana uku a jere na zauna a shagonmu bayan azahar ina kallon tashar nan. Ba wanda ya tsaya. Ban gaya wa kawu ba, ya ga dai na daina cin abincin rana.

Mako na zagayowa na sayi ƙaramin faranti na kai mata, wanda ba ya buƙatar wayar kowa. Na kafa shi a kan katanga, na juya har tashar ta fito tas, ta fi ta baya kyau ma. Ta daɗe tana dubawa, har bayan la'asar. Sannan ta ce ta gode, amma wannan ba ita ba ce, waɗannan mutanen ba ta san su ba. Ta ɗauko zane ta lulluɓe akwatin.

Da ruwa ya yi yawa a ƙarshen daminar, autarta ta zo ta tafi da ita wani ƙauye kusa da Zauro. Masuncin ne ya gaya mini. Ya ce ta tafi da butarta da akuyoyin, talabijin ɗin kuwa ta bar shi a ɗaki.