Dutsena na ƙarshe a murhun Hajara

Jiya na tarar matata Hajara ta tokare tukunya da dutsen aƙiƙina, wuta ta raba shi biyu.

Shi na tsinto ƙarshe a rafin dajin Kusasu, tun ana shiga ba fargaba. Sauran duk na yanka su don ganin zanen cikinsu, na goge da yashi. Wannan na ƙi, gani nake ranar da na yanka shi na rabu da dajin.

Na ce, "Duwatsun garin nan sun ƙare ne?"

Ta ce, "Maigida, so kake magada su riga ka ganin cikinsa?"

Zane ne ja da fari, kamar ruwan rafin da damina. Ina ta kallo har tuwona ya huce. Ban dai yafe mata ba tukuna.

Ku me kuka adana kuka kasa buɗewa?