Misalin da Na Ba Malam a Kan Aikin Bashir

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bashir. Ya cika ranar wata Laraba, da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci na yamma, a gidansa da ke Dutsin-Ma, ni da matarsa Binta da ɗiyarsa Rukayya muna wurin. Hawan jini ne sanadi. Kowace shekara addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana na ɗauki alƙalami ne saboda tsoro, domin tambayar da ta canza rayuwarsa ta sake shigowa gidanmu, kuma ni aka sake nema in yi bayani.

Bashir marubucin manhajar kwamfuta ne. Wani kamfani a Kaduna yake wa aiki, mai adana bayanan marasa lafiya na wasu asibitoci. Manhajar da suke amfani da ita an gina ta da wani tsohon yaren kwamfuta wanda masu jinsa a ƙasar nan ba su da yawa, kuma Bashir ya fi kowa iya shi a wurin. Shekara goma sha shida da suka wuce suka yi masa tayin shugabancin sashen, da mota da albashi mai kauri. A daidai lokacin wani ƙaramin kamfani ya neme shi, albashi ƙasa da wanda yake ɗauka, amma da yarukan da duniya ta koma wa ake aiki. Ya kasa yanke shawara, sai ya yi abin da kowannenmu yake yi. Ya taho Rawayau wurin mahaifinmu, wanda duk muke kira Malam.

Malam bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Malamin fiƙihu ne, kuma daga Kurfi har Dabawa shi ake aiko wa in rabon gado ya rikice. Bashir ya fara bayani a zaure bayan la'asar, rabin maganarsa Turanci, ya yi ta kewaye har Malam ya dube ni. Ni kuwa lokacin ina aiki a ɗakin labarai na rediyo, sana'ata ke nan in mayar da magana mai wuya ta zama jimla guda wadda manomi zai gane yana kan keke. Na ce, “Malam, wannan aiki kamar ilimin rabon gado ne. Kaɗan suka iya shi, kuma dole a neme su.”

Fuskar Malam ta washe. Ya ce ashe abin mai sauƙi ne yaron nan yake ta wahalar da bakinsa. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma bai taɓa ganin wanda ya riƙe ilimin da mutane suka guda ya wulaƙanta ba. Ya ɗaga hannu ya sa wa muƙamin albarka. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan ke nufi: abin da uba ya sa wa albarka ya tashi daga shawara, ya zama umarni. Bashir ya buɗe baki zai ƙara wani abu, ya fasa, ya shafa addu'a tare da mu.

Jimlar tawa ta yi daɗin ji, amma ba daidai take ba. Ilimin gado ba mallakin kowa ba ne, kuma muddin ana mutuwa ana barin gona za a neme shi. Yaren da Bashir ya ƙware a kai kuwa kayan wani kamfani ne a wata ƙasa, ranar da ya ga dama zai daina kula da shi. Kayan aro ba ya rufe katara. A rediyo an koya mana cewa in fassara ta fito da santsi ƙwarai, a koma a duba abin da ta zubar a hanya. Ranar nan ban koma na duba ba.

Shekara shida ya yi a kujerar. Da asibitocin suka sauya manhaja, sashensa ya rufe cikin wata uku. Ya shiga neman aiki yana da shekara arba'in da biyu, kuma duk inda ya je sai a tambaye shi yarukan da bai samu sukunin koyo ba, masu tambayar ma wasu shi ya koya musu aiki. Wani ya ce masa ya fi ƙarfin ƙaramin muƙami, babban kuma ba shi da kayan aikinsa. Ya dawo Dutsin-Ma ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha, ɗalibai suna kawo masa aikin makaranta. Ba na cewa wannan ne ya kashe shi, ajali ba ya jiran dalili. Amma na ga yadda ya rame, na kuma ga yadda yake juya allon kwamfutar in na shigo, don kada in ga yana bitar darasin 'yan koyo.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya kawai, ina shagon wata mata ta kawo takardar gado a buga mata, ya miƙo mini yana dariya ya ce, “Yaya, ga fannin namu ya zo.” Na yi dariya tare da shi, na fita ban iya cin abincin rana ba.

Yanzu Rukayya ce. A shagon nan ta fara taɓa kwamfuta, yau daga ɗakinta take wa wani kamfanin Legas aiki. Watan jiya suka yi mata tayin jagorancin wani sashe da ke kula da wata manhaja ta musamman, wadda kamfanoni ƙalilan ke amfani da ita. Albashin ya kusa ninka nata. Mahaifiyarta tana so ta karɓa, kuma ban ga laifinta ba, ita ta san abin da tukunya ke ci tun da aka bar mata yara huɗu.

Nakan tambayi kaina me Bashir zai ce. Da farko na ɗauka amsar a fili take, zai ce ta gudu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. Amma zamanin ya wuce inda ya bar shi. Rukayya ta nuna mini yadda ƙirƙirarriyar basira ke rubuta cikin minti biyu abin da take kwana biyu tana yi, kuma yarukan da kowa ya iya su ta fi ƙwarewa a kai. Wato babbar hanyar da muka yi nadamar bai bi ba, yau ita ma ba ta da tabbas. Mai yiwuwa lungun nan, wato manhajar da kaɗan suka iya, shi ne mafaka. Mai yiwuwa kuma rami ne irin na mahaifinta. Ban sani ba, kuma ina jin shi ma da zai ce bai sani ba. Abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Malam ya rasu, babban yayanmu Malam Sani ne a kan buzunsa. Ranar Juma'ar da ta gabaci azumin tsofaffi muka je Rawayau da Rukayya, muka fita da wuri don mu dawo kafin hanya ta yi shiru. Ta fara bayani, ya saurara kaɗan, sai ya juyo gare ni ya ce, “Kai ɗan rediyo, taƙaice mana. Kamar mi ne abin?”

Na ce ba shi da kama, kuma ba zan taƙaita ba, a bar ta ta faɗa da bakinta ko za mu kai magariba. Ta kwashe fiye da awa guda. Ya yi mata tambayoyi har ya zo kan wadda ta dace, ya ce in masu abin suka janye shi, mi zai rage a hannunta. Ta ce wannan ita ce tambayar da Abbanta yake sa ta yi kafin ta koyi kowane abu a shago. A ƙarshe Malam Sani ya ce shi bai gane abin sosai ba, don haka ba zai zaɓa mata ba. Ya ce ta yi istihara, ya roƙa mata zaɓin Allah.

In aka tambaye ni abin da ya saura na Bashir, ba manhajarsa ba ce, an goge ta tun yana raye. Shagon ma mai sayar da waya ne a ciki yanzu. Abin da ya saura ɗiya ce da ya koya wa ta binciki mai abu kafin ta jingina da shi, da gida guda na malamai da ya koyi cewa “ban gane ba” a kan abin da bai gane ba. Da tsada muka saya, kuma shi ya biya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Rukayya ba ta karɓi muƙamin ba. Mako biyu bayan haka kamfanin ya sallami mutum uku daga sashen da ta zaɓi zama. Babu sunanta a ciki. An gaya musu za a sake duba yawan ma'aikata a ƙarshen shekara.