Ranar da Maman Monday ta kori Malam Zakariyya'u

Malam Zakariyya'u mai faci ne. Shekara goma sha tara ya yi a unguwar Television, kuma a gidan hayar da muke ciki shi da matarsa Fiddausi ne kaɗai Musulmi. Ni lokacin ina aikin masaƙa a Kakuri. Duk Kirsimeti shi ke yanka mana akuya, don in an dafa kowa ya iya ci. Da Sallah Fiddausi ta bi mu ɗaki-ɗaki da tuwon shinkafa.

A Fabrairun 2000 gari ya fara tsami kan maganar shari'a. Malam ya tara mu mazan gidan a bakin rijiya, ya tambaye mu ko ya zauna ko ya tashi. Duk muka ce ya zauna. Stephen direba ya rantse sai dai a fara kashe shi kafin a taɓa Malam. Ni ma na faɗi irin tawa.

Scholastica mai ƙosai, wadda muke kira Maman Monday, tana gefe tana jinmu. Washegari da hantsi ta kawo a-kori-kurar ƙanenta, ta shiga ɗakin Fiddausi ta fara fito da katifa da tukwane. Malam ya taso daga bakin titi, hannunsa duk baƙin mai.

"Maman Monday, korata kike yi?"

"Korarka nake yi. Shiga mota."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya sauke ko da tukunya. Ya shiga, bai yi wa kowa sallama ba.

Bayan kwana uku aka fara rikicin. Stephen ya kwashe iyalinsa ya gudu bariki. Ni na kulle kaina a ɗaki. Waɗanda suka zo, ƙofar Malam suka nufa kai tsaye. Suka fasa, suka tarar ba kowa, suka ƙona injin iskar da ya bari.

Yanzu yana Tudun Wada, a ƙetaren kogi, yana facinsa. Bai sake taka layinmu ba, bai taɓa aiko wa Maman Monday gaisuwa ba. Ita ma ba ta nema ba.

Bara ta rasu. Na ƙetara gada na je na faɗa masa. Yana danna tiyub cikin bahon ruwa, yana neman inda ya huje. Ya ce har yau yana jin zafin yadda ta watso masa kaya waje a gaban mutane. Sai ya tambaye ni ranar da za a binne ta, da motar da ake shiga.