Ranar da mai haraji ya zo mana watanda

Shekarun baya can, lokacin ina acaɓa tsakanin Maigatari da Gumel, shegen bakina ya ja min shugabancin watanda. Azumi ya zo ƙarshe, 'yan tasharmu suka ce a haɗa kuɗi a sayi saniya a raba. Wa zai riƙe? Wai ni, tunda na fi kowa surutu. Har mahaifiyata ta shiga kashi ɗaya, ta ce, "Ka dai ji tsoron Allah, kada ka kawo min ƙashi zalla."

Muka sayo wata ƙosasshiyar saniya a kara, mahauci ya gyara ta a bayan gidanmu, muka shimfiɗa leda aka fara kasawa. Ina ta ba da oda kamar ciyaman, sai ga wani dattijo mai karɓar harajin ƙaramar hukuma ya faka mashin.

"Waye mai fawar nan?"

Duk 'yan iskan suka nuna ni.

Ya ce duk naman sayarwa akwai haraji a kansa. Ko a biya, ko ya sa a kwashe zuwa sakatariya. Ga rana ta take, ga ƙuda sun fara sallama. Na hango naman mutane a baro, na hango kaina ina yi wa mahaifiyata bayani.

Ni bokona a aji uku ya ƙare, amma abin ya ɗaure min kai da gaske. Na ce, "Baba, don Allah fahimtar da ni. Saniyar tamu ce, mu muka saya, mu za mu ci. Wa ya sayar wa wa? In na ɗebi tuwo a gidanmu, ciniki ne?"

Wani abokina ya ce, "A gidanku kam sata ce."

Dattijon ya yi dariya, ya tsuguna yana kallon kashi-kashin. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya nuna nasa. Ya ce, "Ɗan samari, ka yi gaskiya. Ikona a kan wanda ya sayar yake, na kwata ko na tebur. Rabo ba ciniki ba ne. Hannuna bai kai nan ba."

Na fara hura hanci ke nan, sai ga mai farfesun tasha da ƙatuwar roba, tun daga nesa yana ihu, "Kai ciyaman, ina kai da ƙafar da ka sayar min?"

Ashe da kuɗin kai da ƙafar muka sallami mahauci, ni har na manta.

Dattijon ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "To wannan kam nawa ne."

Na biya na kai da ƙafa daga aljihuna, bai nemi ko sisi a kan sauran ba. Na miƙa masa tsoka a leda, ya ce in kai wa tsohuwa.

Har yau in na ga ana rigima da masu haraji, kowa ihu yake, ba mai tambayar ina ikonsu ya fara, ina ya tsaya. Ni dai na taɓa ganin iyakar da idona. A wuyan saniya take.