Giɓin da Na Yi wa Wuƙar Iya

A gidanmu na Getso akwai wuƙaƙe da yawa, amma ɗaya ce ba a taɓawa sai da izini. Ta kakata ce, mahaifiyar Baba, wadda muke kira Iya. Ni kuwa takan kira ni Takwara, don sunanta aka sa mini. Wani maƙeri ne ya ƙera mata wuƙar tun kafin a haifi Baba. Ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi, bakinta ya sirance saboda yawan wasawa.

Lokacin yankan kuɓewa, in an idar da sallar magariba, Iya kan zauna kusa da murhu da faifai a gabanta, mu jikoki mu kewaye ta. Tana yanka tana ba mu tatsuniya. Sauran yara bakinta suke kallo, ni hannunta nake kallo. In ta gama takan dirje wuƙar da toka, ta goge da tsumma har ta bushe ƙarau, ta shafa mata ɗigon man gyaɗa, sannan ta mayar cikin kube. Na sha tambayarta dalili, sai ta ce, "Takwara, tambayarki ta fi ki tsawo."

Ina shekara tara Iya ta tafi suna Kabo, za ta kwana huɗu. Na daɗe ina son in ga abin da ke cikin ƙwallon mangwaro, kuma na daɗe ina son in ji yadda wuƙar nan take a hannu. Na zaro ta daga ƙarƙashin katifar Iya, na shanye mangwarona, na ɗora ƙwallon kan dutse na sara. Ƙwallon ya sulle, bakin wuƙar ya sauka kan dutsen. Da na duba sai ga giɓi kamar ƙwayar gero. Da sauri na tura ta cikin kube, da ruwan mangwaron da komai, na mayar inda take.

Ran da Iya ta dawo, da yamma ta ɗauko faifanta ta ja wuƙar. Da ƙyar ta fito. Jar tsatsa ta bi jikinta ɗigo-ɗigo. Iya ta juya ta a hasken wuta, ta bi bakin da babban yatsa har ya tsaya kan giɓin. Ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye ta a gefe ta ce, "Ku matso, yau wata sabuwar tatsuniya ce ta biyo ni daga Kabo."

Ta ce wai an yi wata yarinya mai kiwon akuya guda ɗaya, akuyar da nononta ke ciyar da gidansu. Wani tsohon maƙeri ya ba ta wuƙa, ya ce mata wuƙar nan tana cin abinci kamar mutum, dutse da safe, mai da yamma, kuma in ta ji ciwo a faɗa kada a rufe ta.

Na ce, "Iya, wuƙa tana jin ciwo?"

"Ta cikin tatsuniya tana ji. Ke dai saurara."

Wata rana yarinyar ta yar da wuƙar kan tsakuwa, bakinta ya karye kaɗan. Tsoron faɗan maƙerin ya sa ta cusa ta cikin kube ta yi shiru. Kwana ya bi kwana. Rannan akuyar ta hau kan tudu da igiya a wuya, ta zame, igiyar ta sarƙe a reshe ta shaƙe ta. Yarinya ta kai hannu ta ja wuƙa, wuƙa ta ƙi fitowa. Ta ja, ta ja. Sai wuƙar ta yi magana daga ciki. A nan Iya ta ƙanƙance murya kamar ta jariri. "Ran da na faɗi ai ƙaramin ciwo na ji. Da kika rufe ni a duhu ne na rube."

Ta koma gyara itacen murhu. Na kasa haƙuri.

"To akuyar fa? Ta mutu?"

"Ban sani ba," in ji Iya. "Wanda ya ba ni labarin a nan ya tsaya."

Yara suka yi ta ƙorafi. Ni kuwa na ce a hankali, "Iya, ni ce."

"Na sani. Ƙanshin mangwaro ya riga ki faɗa."

Ba ta dake ni ba. Washegari da hantsi ta zaunar da ni gaban dutsen wasa wuƙa, ta yayyafa masa ruwa, ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake kwantar da bakin a tura a hankali, a juya ɗaya gefen, kada a tayar da shi tsaye. Giɓin ya fita a rana ta biyu. Tsatsar ce ta ba ni wuya. Sati guda ina dirza da toka da yashi mai laushi, duk da haka ta bar ƙananan ramuka waɗanda ba su taɓa fita ba. Na tambaye ta ko maƙeri zai iya cike su. Ta ce a'a, abin da tsatsa ta ci ta ci.

Na daɗe ina ɗauka darasin na wuƙa ne kawai: a busar, a shafa mai, kada a sara kan dutse. Sai da na girma na buɗe shagon ɗinki a Gwarzo na gane sauran. Wata Hajiya ta kawo mini leshin bikin 'yarta, saura kwana biyar. Garin sauri almakashina ya wuce layi, na yanke gaban rigar ya gaza da kusan yatsa uku. Na san yadda zan ɓoye shi cikin ɗinki, ba za a gane ba sai amarya ta saka ranar biki ta ɗaga hannu. Na zauna da yadin a cinyata, ina tuna wuƙar Iya a cikin kube. Sannan na ɗauki waya na kira Hajiya na gaya mata.

Hajiya ta zo da kanta, ta yi faɗa sosai, na sunkuyar da kai na sha. Da ta huce ta ja kujera, muka shimfiɗa leshin muna juya shi, har muka samo wani fasalin da zai ɗauki yankan. An yi biki da rigar.

Bayan wata biyu sai ga ta da ƙanwarta da buhun atamfofi. Ta nuna ni da baki ta ce, "Ga telar da nake gaya miki. Takan yi kuskure kamar kowa, amma a bakinta za ki fara jin sa."