Jinin 'Ya'yan Aska Ɗaya

Ranar da ƙanwata ta haihu a asibiti a Gumel, jini ya ƙi tsayawa, aka ce a nemo masu bayarwa. Ni da cika baki ba a raba mu. Na bugi ƙirji a gaban surukanmu na ce su kwantar da hankalinsu, ni da sa'o'ina kaɗai mun isa. Na hau babur na kwaso abokaina uku daga kasuwar hatsi, waɗanda muka tashi unguwa ɗaya, aka kuma yi mana kaciya rana ɗaya.

Baba na zaune a benci bakin ɗakin gwaji, zabirarsa a hammata. Wanzami ne tun kafin a haife ni, ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa babu ita.

Mai gwajin baƙo ne a garin. Da ya gama ya sa mu a gefe, ya ce ba zai ɗauki jinin ko ɗayanmu ba.

"Jini ba ya mantuwa," in ji shi. "In ƙwayar cuta ta taɓa shiga, garkuwar jiki takan ajiye shaidarta. Dukkanku akwai shaidar ciwon hanta, biyu daga cikinku ma iri biyu ne. Sau da yawa in muka ga ɗaya mukan ga ɗayar, don ƙofa ɗaya suke bi, allura ko aska. Wanzami ɗaya ya yi muku kaciya?"

Bai rage murya ba, ƙofa kuma a buɗe. Abokaina suka sunkuyar da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kunyar surukai daban, amma wadda ta fi ci na ta tsohon da ke benci ce, wanda na san kunnensa garau yake.

"Ni ne, ɗana," in ji Baba daga waje. "Aska ɗaya ce. Haka muka tarar."

Mai gwajin ya rikice, ya shiga cewa ba lallai daga nan ba ne, Allah ne masani. Tambaya ɗaya Baba ya yi, ko za a samu jinin da zai yi wa 'yarsa.

An samu. Wani direban babbar mota daga Maigatari, da ya kawo matarsa awo, shi ya miƙa hannu, ko sunanmu bai tambaya ba. Ƙanwata ta tashi.

Ranar suna aka kawo jariri da ƙwaryar ruwa gaban Baba, don duk jikokinsa shi ya yi musu askin suna. Ya daɗe yana kallon zabirar. Sai ya tura ta bayansa, ya juyo gare ni.

"Je ka shago ka sayo sabuwar reza, kada ka ɓare ta sai a gabana."

Na tafi da sauri, don kada mutane su ga idona.