Hannun Mai Gyaran Rediyo

Shekara talatin da huɗu mai gyaran rediyo ya yi a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene. In aka kira shi gida wai kayan sauti na gurnani, ba ya fara kwance komai. Kofin ruwa yake nema, ya aza kusa da injin, ya kunna. In ruwan ya yi rawa, to laifin na mazaunin injin ne.

Bara hannunsa na dama ya soma karkarwa. Matarsa kaɗai ta sani, tana tsokanarsa wai shayin da yake ba wa riga ya fi wanda yake sha. Yakan yi dariya, amma duk sanda ya ɗauki sukudireba sai tambaya ɗaya ta dawo masa. In zancen ya fita, wa zai sake damƙa masa kayansa?

Wata safiya wata malamar makaranta ta kai shi gidanta. Ta gaji garmaho da faifai ɗaya tal, mai ɗauke da muryar mahaifinta yana waƙa tun yana saurayi. Sau ɗaya ta kunna bayan rasuwarsa, allura ta yi tsalle ta karce faifan, ba ta sake yarda ta taɓa shi ba.

Garmahon da lasifika biyu duk a kan kanta ɗaya suke, ƙafar kantar ma ɗaya na lilo. Ya aza kofin ruwa kusa da garmahon, ya kunna rediyo ta lasifikan, ruwan ya hau rawa. Ya sauke lasifikan ƙasa, ya tokare ƙafar, ya yanka tsohuwar robar taya gida huɗu ya sa a ƙarƙashin garmahon. Ya ƙara murya, ruwa ya tsaya cak.

Ta ɗora faifan da hannu biyu. "Baba, sa mana allurar. Ni tsoro nake ji."

Ya kai hannu. Yatsunsa suka fara karkarwa tun kafin su isa, da ya ɗago allurar sai ga bakinta na kaɗawa a saman baƙin faifan. Ya yi tunanin cewa allurar ta cinye, sai an nemo wata. Ya kuma yi tunanin ya rufe ido ya sake ta kawai, ƙila a dace. In ba a dace ba, muryar mutumin ta tafi ke nan, kuma a hannunsa.

Ya mayar da allurar mazauninta.

"'Yata, dubi hannun nan. Ke za ki sauke ta."

Ta kalli hannun. Ya nuna mata ta jingina gefen tafinta a jikin katako, ta riƙe numfashi, ta sassauta yatsa a hankali. Faifan ya yi ɗan shuu, sai ga muryar saurayi ta cika ɗakin. Ta zauna a ƙasa.

Rabin masu kawo masa aiki maƙwabtanta ne. Ya tattara guntayen robarsa, ya yi mata sallama bai roƙe ta ta rufa masa asiri ba.